Ƙarafan da Baba Ya Zare

Hannatu, Dauda, Lami, akwai maganar da kuka taso kuna ji a bakin dangin mamanku, wai na taɓa tsayawa a gaban mutane na kira aikin kakanku aikin banza. Duk Kirsimeti sai wani ya tayar da ita ana dariya, ni kuma in sunkuyar da kai in ci shinkafata. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Na faɗi kalmar, ba zan musa ba. Sai dai masu ba da labarin a nan kullum suke tsayawa, alhali abin da ya biyo baya ya fi shi nauyi.

Shekarar da aka haifi Lami ce, a tsakiyar shekarun casa'in. Mun baro gidan haya na unguwar Highbridge, inda mamanku Rifkatu ke hawan tudu da kayan cefane tana mitar wanda ya kafa unguwa a kan dutse, mun samu ɗan gidan katako a unguwar Soundview. Ɗakin kwana guda biyu ne kacal, ga ku ku uku, sai na ce zan ƙara ɗaki a baya ya zama naku. Kafinta ne ni, na yi shekaru ina kafa gidajen katako a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, don haka aikin bai ba ni tsoro ba. Amma a garin nan ba a ɗaga guduma sai da zane da izini. Injiniyar da ta yi mana zanen mata ce marar yawan magana, ta taɓa aiki a California, kuma a lokacin birnin ya fara shigar da batun girgizar ƙasa cikin ƙa'idar gini. Mamanku ta ce ta gaji da zaman duhu, tana son bangon baya ya zama ƙofa da babbar taga. Abin da ya rage na bango ɓangarori biyu ne sirara, ɗaya a kowace kusurwa, kuma su kaɗai za su riƙe ɗakin idan wani abu ya ture shi ta gefe. Irin wannan bango ana lulluɓe shi da faifan katako, a jera masa ƙusoshi kusa da kusa har ya zama abu guda. Idan aka ture shi ba ya lanƙwashewa. Ko dai ya zame daga kan harsashi, ko ƙafarsa ɗaya ta ɗaga sama. Maganin wannan shi ne a dasa ƙarafa masu lanƙwasasshen gindi a cikin kankare tun yana ɗanye, kawunansu su leƙo waje, su ratsa katakon ƙasan bangon a ɗaure su da noti. A ƙarshen kowane ɓangare kuma akwai ƙarfe mafi kauri da ke kama ginshiƙin kansa. Na tambayi matar ko dokar ta hau kan ƙaramin gida irin namu.

Ta ce, "Ko ta hau ko ba ta hau ba, yara ka ce za su kwana a ciki. Abin da na zana na sa wa hannu, shi sifeto zai zo ya duba."

A cikin wannan shiri Baba ya iso daga Zariya domin ganin jikarsa Lami. Kun san har yau hannuna ba ya iya rubuta sunansa don kunyar surukuta, to haka za mu tafi. Magini ne wanda ya haura shekara arba'in a kan sana'a, gajere, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera yana cikin ɗaki ba. Ke Hannatu kin taɓa tambayar mamanki da Turanci me ya sa babanku ke zama a ƙasa a gidansa, aka rasa yadda za a yi miki bayani. Surukuta ke nan, haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin ta a matsayin wahala ba sai a wannan shekarar. Mutumin da bai saba zama ba an kawo shi gari mai sanyi an ajiye a gaban talabijin, kwana uku kawai ya fara ramewa. Da ya ji za a zuba kankare sai fuskarsa ta washe, ya sa aka nemo masa cokalin gini.

Ranar Asabar muka kira gayya. 'Yan cocinmu suka zo, da abokina Awudu, mutumin zangon Kumasi mai tuƙin tasi daga unguwar Morris Heights, wanda ba ya rasa duk wurin da aka ɗora tukunya. Motar kankare ta juye, aka baje, ni kuma na bi da igiya da awo na dasa ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a inda zane ya ce. Baba yana gefe yana kallona. A nan nawa laifin ya fara, kuma shi ne wanda ba a faɗa muku. Ya kamata in tsaya in ce, Baba, ga amfanin waɗannan. Amma ta yaya zan buɗe baki in yi wa surukina bayanin kankare, mutumin da ya fara cuɗa siminti tun ba a haife ni ba? Kunya ta hana ni. Na kwashi kayan aikin da muka yi haya na tafi mayarwa kafin a rufe shago. Da na dawo, Baba ya riga ya shafe ko'ina ya lulluɓe da tsofaffin darduma da ya jiƙa, kamar yadda ake yi da buhuna a gida. Ya ce kada kowa ya taɓa sai bayan mako. Abin da suruki ya rufe kuwa ba ni ne zan ɗaga in leƙa ba. Washegari bayan sujada mai gidana ɗan kwangila ya tura ni aikin mako biyu a arewacin jihar.

Kafin in tafi na riga na harhaɗa bangayen na jingine su a bayan gida, sauran kawai a ɗaga. Ashe Baba da Awudu sun ƙulla za su ba ni mamaki. Asabar ɗin da na dawo, tun daga bakin titi na ji ƙanshin waina da hayaniyar mutane. Na zagaya baya na tarar da bango uku a tsaye cak, a miƙe sosai, domin idon Baba ya fi ma'auni. Mutane suka yi ta tafi. Ni ma na yi murmushi na shiga ciki, idona ya sauka ƙasa kamar yadda idon kowane kafinta ke yi. Katakon ƙasa fes yake daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba noti ko ɗaya, sai ƙusoshin kankare da aka bubbuga nan da can. Kun san ni da saurin fushi, a lokacin kuma ya fi na yanzu sau goma. Na ɗauki ƙarfen ɓamɓare ƙusa na cusa a ƙarƙashin kusurwar bangon baya, na danna da hannu ɗaya. Ƙusoshin suka yi ƙara suka fito, bangon ya ɗaga har ana ganin haske ta ƙasansa.

Na ce, "Ina ƙarafan da na dasa? Wa ya yi wannan aikin banzan?"

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Ya ce, "Ni ne."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban san shi ba ne lokacin da na yi tambayar. Gaskiya ita ce rabin zuciyata ta sani, don ba wanda zai taɓa wannan kankaren ba da izininsa ba, amma bakina ya riga hankalina. Baba ya shiga cikin gida ya fito da bokiti. Ƙarafan ne a ciki gaba ɗaya, an wanke su tas, an ɗaure su dami-dami da igiya. A gida magini yakan kafa turaku don ya gane inda kankare zai tsaya, idan ya gama daidaitawa sai ya zare su ya shafe gurbin. Ya ga ƙarafan sun yi gajarta da zama rodin ginshiƙi, ya ɗauka turakun awo ne na manta da su saboda sauri. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗo su, ya cike ramukan, ya rufa mini asiri a nasa ganin. Ya ajiye bokitin a gabana, ya koma ciki. Mutane suka fara tuna cewa suna da wurin zuwa, waina ta huce a faranti.

Kwana huɗu Baba bai fito falo ba. Abincin da aka kai masa yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Rana ta uku ya gaya wa mamanku ta je ta sa a matso masa da ranar tafiya, ya ce ya ga jikarsa, ya isa. Na san idan ya hau jirgi a haka, shi ke nan. Za a ci gaba da gaisawa a wasiƙa, amma ba zai sake taka gidana ba, mamanku kuma za ta zauna da wannan ƙullin a ranta har abada. Awudu ya zo ya same ni a bayan gida ina zaune a kan bulo ina kallon bangon.

Ya ce da Hausarsa ta Kumasi, "Masa, abokina, ka bar shi haka mana. Ka mayar da ƙusoshin, ka ce wa tsoho aikinsa ya yi. Shekara nawa muna garin nan, ka taɓa jin ƙasa ya motsa? Sabwe, jirgin ƙarƙashin ƙasan nan, shi ne kawai yana girgiza mu."

Na ce, "Sifeto fa?"

"Ka sa noti a kai ka manna, wa zai sani?"

Na kalle shi har ya kawar da kai. Ba mugu ba ne Awudu, so yake a zauna lafiya. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na juya maganarsa a raina. Amma na riga na ga haske ta ƙarƙashin bangon nan da idona, da hannu ɗaya na ɗaga shi, kuma a jikinsa za a jingina gadon Dauda. Na je wurin injiniyar na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan. Ta ce akwai gyara. Za a huda ta cikin katakon har cikin kankare, a goge ramin a hure ƙurar sarai, a ɗura wani gam na musamman, a dasa sabon ƙarfe, a bar shi ya kama kafin a ɗaure. Ta rubuta mini zurfin kowane rami da nisan da zai yi daga bakin kankare don kada ya tsage, ta sa hannu. Aikin yini biyu ne. Da na so, da na yi shi ranar da aka kai Baba ofishin jirgi, ya dawo ya tarar an gama. Amma gyara aikin babba a bayan idonsa zagi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni. Na ajiye injin huda a cikin mota na ce ba zan taɓa bangon ba sai da yardarsa.

Mamanku duk kwanakin nan ba ta ce mini uffan a kan batun ba. Takan dawo daga aikinta na asibiti, ta ba Lami nono, ta yi girki, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Safiyar rana ta biyar na tsaya a ƙofar kicin na ce ta faɗa mini abin da zan yi.

Ta ce, "Baban Hannatu, ban ce ka bar bango haka ba, 'ya'yana ne za su kwana a ciki. Amma ubana ne. Ka je ka durƙusa, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba, idan ka tafi da takardar matar nan ka ce za ka koya masa aiki, gara ka zauna."

"To me zan ce masa?"

"Kada ka ce masa komai. Tambayarsa za ka yi. Muna yara, duk lokacin da iskar farkon damina ta kwashe kwanon mutane, da gari ya waye yakan zaga gari ya dubo gine-ginensa. Bai taɓa dawowa da kunya ba. Ka tambaye shi dalili."

Na aika aka kira Awudu, don ba a zuwa ban haƙuri wurin suruki kai kaɗai. Na sayi goro a shagon 'yan Afirka. Muka yi sallama a ƙofar ɗakin da Baba yake, muka tarar jakarsa a ɗaure a gefen gado. Na durƙusa har ƙasa, Awudu ya ajiye goron ya yi magana a madadina yadda ake yi, sannan ni ma na ce na yi kuskure, bakina ya yi abin da ba a yi, a yafe mini. Baba ya ce ba komai, ya wuce. Amma yadda ya faɗe ta, yana kallon taga, na san ba ta wuce ba. Na ci gaba da durƙuso har gwiwata ta fara zafi, sannan na yi ƙarfin hali.

Na ce, "Baba, akwai abin da nake so ku sanar da ni. An ce rufin da kuka yi bai taɓa tashi ba, ko a shekarar da iska ta yi ɓarna. Mene ne sirrin?"

Ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin kwana biyar. Magini ba ya iya jin irin wannan tambaya ya yi shiru.

Ya ce, "Ba wani sirri, ragwanci ne ke kashe mutane. Sai su ɗora katako a kan bango su buga ƙusa su ce sun gama. Ƙusa me za ta riƙe? Ni tun sauran layi uku bango ya ƙare nake binne langalanga a cikin gini, in bar bakinta a waje. Idan kafinta ya ɗora katakonsa sai a naɗo ta a kansa a ɗaure. Iska in za ta ɗauki rufin, sai dai ta ɗauki bangon duka."

Langalanga ita ce siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi, ku ba ku san ta ba. Akwai akwatin katako na lemo a ɗakin, wanda mamanku ke zuba kayan Lami a ciki. Na jawo shi na kife a ƙasa, na sa yatsa na tura samansa ta gefe. Gindinsa na wajena ya ɗaga. Na sake shi, na sake turawa, ya sake ɗagawa. Ban ce komai ba, don an hana ni. Baba ya sauko daga bakin gado ya tsuguna, ya tura akwatin da kansa. Ya sa ɗaya hannun ya danne gindin, ya tura, akwatin ya ƙi motsi. Sannan ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin da bayan yatsa, ya ji yadda yake amsawa kamar ganga.

Ya ce, "Wato ku a nan gidan gaba ɗaya rufi ne. Ba shi da nauyin da zai zaunar da kansa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Ƙarafan nan kuma langalangarku ce. Ka binne, na bi na tone." Ya girgiza kai. "Na ga gindinsu a lanƙwashe, na ce wane irin turke ne wannan. Da yaron aikina ne ya yi mini haka, abin da zan faɗa masa ya fi aikin banza zafi."

Awudu ya fashe da dariya, ya toshe baki. Ni kuwa sai a lokacin hankalina ya kwanta. Na ji motsin mamanku a bayan ƙofa, ashe tana tsaye tun farko.

Baba ya ce, "Amma kai ma da laifinka, Ishaku. Kana dasawa ina tsaye a kanka, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunya, Baba."

"Kunya a ɗaki ake yin ta. A wurin aiki ba suruki. To yanzu kankare ya bushe, yaya ake yi?"

Sai a lokacin na fito da takardar injiniyar. Ya sa na karanta masa ita sau biyu da Hausa. Washegari shi ya riga ni fita. Injin huda ya fi ƙarfin hannunsa, don haka ni na huda, amma bai bar ni na ɗura gam a rami ko ɗaya ba sai ya goge shi da kansa, ya hure, ya zura tsinke ya auna zurfin. Rami biyu ya sa na ƙara wa zurfi. Da gam ya kama, ya karɓi sifana ya ce ɗaurin nasa ne. Ya bi noti ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, har da manyan na kusurwa masu kama ginshiƙi, mutumin da ya kusa saba'in. A ranar ce kuma ya tura mini kwanon abincinsa a kan bulo ya ce in sa hannu. Na ce na ƙoshi. Ya ce ai ya faɗa mini nan wurin aiki ne. Na ci loma uku da kyar, ita ce kaɗai rana a rayuwata da na ci abinci tare da shi.

Sifeto ya zo bayan mako, ya duba takarda, ya duba ƙarafan, ya gwada noti biyu, ya sa hannu ya tafi, bai yi minti goma ba. Baba ya ji haushin saurinsa. Ba a matso da ranar tafiya ba, sai ma aka ƙara masa wata biyu, ya zauna har aka yi rufi aka sa gadajenku. Ƙasa ba ta taɓa gwada ɗakin nan ba a duk shekarun da kuka kwana a cikinsa, kuma ina roƙon Allah kada ta gwada. Abin da ya rage mini shi ne tsokanar dangi, ita kuma na ɗauke ta, don na saye ta da bakina.

Ranar da za mu rufe bangon ta ciki, Baba ya ce in dakata. Ya ari fensir ɗin da ke kunnena, ya durƙusa a kusurwar da na ɗaga ranar nan, ya yi rubutu a jikin ginshiƙin, dab da babban ƙarfen. Bai yi makaranta mai nisa ba, harufansa manya ne a karkace. Dauda, na ji kana maganar za ka fasa bangon baya ka faɗaɗa ɗakin. Ka nemi injiniya tukuna, kuma idan ka buɗe kusurwar hagu ka yi a hankali, kada zarto ya ci wurin. Za ka ga abin da kakanka ya rubuta: "Ni na zare, ni na mayar."